Ruwa Ba Ya Yin Tozo

Kwanakin baya wasu samari uku suka same ni a ƙofar gida, wai sun buɗe ofis a Katsina suna zana wa mutane kaya a kwamfuta, an kuma gaya musu ni ma na taɓa irin wannan aiki. Ɗayansu ya nuna mini wata kujera a wayarsa, yana juya ta da ɗan yatsa, ya ce minti ashirin ta ɗauke shi. Na tambaye shi wa ya taɓa zama a kanta. Ya yi dariya, ya ce ai ba a ƙera ta ba tukuna. Ban ja maganar ba, don na gaji, kuma bakin tsoho in ya buɗe ba ya rufuwa da wuri. Amma tun da suka tafi abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

A wancan zamani shagonmu yana nan Daura, bayan tasha, ɗaki ɗaya da rumfa. Ba ma ƙira, ba ma walda, ba ma sayar da ko ƙusa. Mutum zai zo da matsalarsa, mu duba, mu zana abin da zai yi maganinta, mu yi samfur, sannan mu tura shi wurin maƙeri ko kafinta ko mai walda. In baƙo ya leƙo ya ce, “Me kuke sayarwa a nan?” sai maigidanmu ya ce, “Shawara.” Daga nan mutanen gari suka sa wa wurin suna Shagon Shawara. Da farko ba'a ce, daga baya suna ya zauna.

Maigidan namu shi ne Malam Mudi. Ɗan gidan maƙera ne, ya yi boko, ya yi shekaru yana zane a wani ofishin ayyuka a Kaduna, sannan ya dawo gida bayan yaƙin basasa da ƙarfin mahaifinsa ya ƙare. 'Yan'uwansa suna tsokanarsa wai ya guji wuta ya kama fensir. Amma saboda a maƙera ya tashi, ya san maƙeri ba ya aiki da inci. Don haka duk zanen da ya fita daga shagonmu, sai an haɗa shi da kwali da aka yanka daidai girman abin, da karan dawa da aka yi wa tsaga a wuraren awo. Maƙeri ya ɗora kwali a kan ƙarfe ya zagaye da alli, shi ke nan, babu gardama.

Ni Ɗanlami na zo masa ina da shekara ashirin da 'yan kai, na fito daga makarantar koyon sana'a, ina ji da kaina. Kayan aikinmu ba su da yawa: allon zane guda biyu, rula ta katako da ta ƙarfe, kamfas, tef na awo, takarda mai shara-shara ta kwafi, da reza ta fiƙe fensir. Wata uku na yi ba abin da nake yi sai fiƙe fensir da jan layi. In layi ya yi kauri a farko ya sirance a ƙarshe, Malam ba ya faɗa, sai dai ya juya takardar ya ce, “Sake.” Akwai ranar da na ji “sake” sau goma sha ɗaya kafin azahar.

Amma babbar dokarsa ba ta allon zane ba ce. Dokar ita ce, ba ka taɓa fensir sai ka je ka zauna sau uku inda za a yi aiki da abin, ka rufe bakinka, ka buɗe idonka.

Aikin garmar shanu shi ya fara nuna mini dalili. An kawo wa manoma wata garma daga waje, ƙarfe mai kyau, amma kowa ya saya sai ya jingine ta a bayan rumbu. Wani manomi daga yankin Sandamu ya kawo mana tasa a kan jaki, ya ce, “Ba ta so na, ni ma ba na son ta.” Ni da na duba ban ga aibinta ba. Malam ya ce mu tafi gona. Kwana uku muna bin bayan shanu a jigawa, ƙafa tana nutsewa cikin rairayi. A rana ta biyu ya nuna mini kafaɗun manomin: a ɗage suke kamar mai tsallake rafi da kaya. An yi mariƙin garmar ne don dogon mutum mai takalmi a ƙasa mai tauri, namu kuwa ƙafa ba takalmi, rairayi ya haɗiye masa taƙi guda. Muka rage tsawon mariƙi, muka ɗan kwantar da bakin garmar don kada ta nutse ta gajiyar da shanu. Gyaran da bai fi na yini ɗaya ba ne, amma sai da muka ci rana uku kafin mu gan shi.

Masu zuwa shagon kuwa iri-iri ne. Akwai wanda ya ga abu a Kano sau ɗaya ta tagar mota, yana so a yi masa irinsa, amma bai iya faɗin ko ƙafafunsa nawa ba. Akwai wanda za ka yi mako kana fama da matsalarsa, ranar da ka nuna masa mafita ya ce, “To ai ni ma haka na yi tunani.” Akwai maƙeran da in ka ba su kwali ɗaya, kafin wata ya zagayo ka ga abin a kasuwanni huɗu, ko sannu ba wanda ya ce maka. Malam bai damu da wannan ba. Abu ɗaya ya tsaya a kai: duk abin da ya fito daga zanenmu, a buga masa tambari a gindi, sunansa da sunan gari, Mudi, Daura. Yakan ce ba shi da gona, ba shi da shanu, waɗannan 'yan haruffan su ne jarinsa.

Sai kuɗin mai ya fara yawo. Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane irin gaggawar da ta shiga jikin mutane ba. Wanda jiya yake tallan goro, yau ya zama ɗan kwangila, yana son zanen bencin makaranta da tambari a kai kafin gobe, don ya kai Kaduna. Ba ruwansa da ko yaro zai iya zama a kai. Malam ya zama kullum yana hanya, ni kuma na gaji allonsa. A daidai wannan lokacin kuma sama ta hana ruwa. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da bai zauna ba. Shanu suna gangarowa daga arewa ta Mai'aduwa, fata da ƙashi, masu su suna ba da saniya don buhun gero. A gari ɗaya, wani yana sayen sabon babur, maƙwabcinsa yana auna abincin gidansa da cokali.

A wannan shekara ce Alhaji Sale, shugaban masu sayar da hatsi, ya zo shago da wani tsohon kwanon awo a hannu.

Ya ce, “Malam, na gaji da rabon faɗa. Kowa da mudunsa. Wannan ya buga gindin nasa ya lotsa ciki, wancan ya kankare bakin nasa. Jiya har an fasa wa wani kai. Ina son mudu ɗaya, na ƙarfe, wanda ba ya lotsuwa, kowa ya riƙe irinsa. Ga na Malam Buba, duk kasuwa an yarda da shi. A yi daidai da shi, kada ya ƙaru, kada ya ragu.”

Malam Buba wani dattijon mai awo ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mudun nasa kwanon sha ne na da, gajere, mai faɗin baki.

Washegari Malam zai tafi Kaduna. Yana ɗaure jakarsa ya ce, “Ɗanlami, wannan naka ne. Ka je kasuwa sau uku.”

Na ce, “To, Malam.”

Ban je ba. Ba ƙiwuya ce ta hana ni ba, sani ne. Na ce a raina, ni da aka haifa a Daura, tun ina ɗan shekara bakwai ake aikena awo, wa zai koya mini mudu? Da garma ce ko injin gyaɗa, da na je. Abin da ka saba gani kullum shi ne ba ka kallo.

Na zauna na yi zane, kuma ba zan ɓoye ba, zanen ya yi kyau. Na yi shi dogo mai matsattsen baki, kamar gwangwani, saboda dalilai uku da har yau in aka tashe ni daga barci zan iya kare su. Zai shiga bakin buhu ba tare da zubar da hatsi ba. Jikinsa a miƙe yake, ba ya karɓar lotsawa ba a gani ba. Kuma fallen ƙarfe ɗaya zai fitar da su da yawa ba asara. Na sa a naɗe bakin da waya, a ninka gindin, a liƙe da dalma. Da samfur ya fito, na kira Alhaji Sale da maƙerin da ya buga shi. Na cika kwanon Malam Buba da ruwa har baki, na juye a sabon. Ya cika fal, bai zuba ba, bai rage ba. Alhaji ya ce, “Kai, boko ta yi rana.” Ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Malam ya dawo a gajiye, idanunsa jajur saboda hanya. Ya dubi zanen, ya juya samfur a hannu.

Ya ce, “Ka gwada?”

Na ce, “Na gwada, Malam. Ko ɗigo bai ragu ba.”

Da a lokacin da yake da natsuwa ne, wannan kalma ta “ɗigo” da ta tsayar da shi. Amma 'yan kwangila biyu suna zaune a rumfa suna jiransa. Ya ce a buga tambari. Maƙera uku suka yi wata guda suna bugawa, aka raba wa masu awo a Daura da kasuwannin kewaye.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, wata tsohuwa ta shigo shago ba ta jira an amsa sallamarta ba. Iya Hajo ce, mai fura a bakin tasha, kowa ya san ta da bakinta. Tana ɗauke da ƙullin gero a ka, da sabon mudunmu a hannu ɗaya, da tsohon kwano a ɗaya hannun.

Ta ce, “Wane ne Mudin?”

Malam ya miƙe ya ce, “Ni ne, Iya. Lafiya?”

“Ina fa lafiya. Shekara talatin ina dama fura. Na san abin da mudu ɗaya yake ba ni, ko a makance. Tun da aka kawo wannan ɗan siririn, kullum sai dunƙule biyu sun ɓace. Na zargi jikata, na zargi turmi, har ɓera na zarga. To ni fura ce. Maƙwabciyata marayu biyar take ciyarwa da mudu ɗaya, yanzu na ƙarshe ƙanzo yake samu.”

Ni da rawar kai na ce, “Iya, daidai suke. Mun gwada a gaban Alhaji.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Da me ka gwada, ɗan nan?”

Na ce da ruwa.

“Da ruwa! Ruwa ake sayarwa a layin 'yan hatsi? Matsa.”

Ta kwance ƙullinta a kan allon zanena, a kan takardar da na kwana biyu ina ja. Ta cika tsohon kwano da gero, ta ci gaba da zubawa bayan ya cika, hatsi yana hawa yana hawa har ya yi tozo, kamar yadda kowane mai awo yake yi tun kafin a haife ni. Sannan ta juye a namu. Ya cika, ya yi ɗan tozonsa ƙarami daidai matsattsen bakinsa, sauran geron ya gangaro kan allo. Ta tattara abin da ya zube, ya cika tafin hannunta biyu.

Ta ce, “Ga abincin yaro ɗaya. Ido ba mudu ba, ya san kima. Ruwa ba ya yin tozo, Malam. Hatsi kuwa ba a shafe shi, sai in gaba ake yi da mai saye.”

Faɗin baki shi ke riƙe tozo. Na rage baki, na rage tozo. Abin da kowace yarinya mai talla ta sani, ni da kamfas da rula ban sani ba.

Malam bai dube ni ba. Ya durƙusa ya tsince geron da ya faɗi ƙasa ƙwaya-ƙwaya, ya mayar mata cikin ƙulli, ya ce, “Iya, kin yi gaskiya. Laifinmu ne.”

A ranar muka sake zane, gajere mai faɗin baki, aka gwada da gero da dawa da maiwa a hannun Malam Buba kansa. Amma an ce magana zarar bunu ce, to ƙarfe ma haka yake in ya bar hannun maƙeri. Alhaji Sale ya tattaro na mutanen da ke jin maganarsa. Sauran fa? Wasu sun riga sun gano abin tun kafin Iya Hajo, suka yi shiru. In za su saya a hannun manomi sai su fito da tsohon kwano mai faɗi, in za su sayar wa mai gida sai su fito da namu. Wanda ya yi ƙorafi a juya masa gindin mudun a ce, “Ga tambari nan, ba ni na yi ba.” Ga shi kuma sunan ya dace da baki: mudun Mudi. Yara suka mai da shi waƙa. Kafin wata kakar, duk wanda aka yi wa ƙwauro, ko a nama ne ko a yadi, sai ya ce an yi masa mudun Mudi.

Malam ya sayar da babur ɗinsa ya sa aka ƙera sababbi. Muka riƙa bin kasuwanni a motar haya, ni da buhun sababbin mudu, shi da guduma. Duk wanda ya yarda ya karɓi sabo, sai Malam ya ɗora tsohon a kan dutse ya murƙushe shi a gaban jama'a. Wasu sun bayar da fara'a, wasu sun ɓoye a ƙarƙashin buhu sun rantse ba su taɓa gani ba. Da yawa kuma sun riga sun tsallaka iyaka, ba mai dawo da su.

A kasuwar Mai'aduwa ne wani dattijo mai farin gemu ya tare mu, mutane suka kewaye. Ya ce, “Malam Mudi, na san mahaifinka, mutumin kirki ne. Tauye mudu ba ƙaramin abu ba ne wurin Allah, balle a shekara irin wannan. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, kai ka zana abin nan?”

Ina tsaye a gefensa, buhu a kafaɗa. Kalma biyu ce kawai: ni ne. Sai na sunkuyar da kai, na gyara riƙon buhun.

Malam ya ce, “Baba, sunana ne a gindinsa.”

A mota muna dawowa na ce, “Malam, ka bar ni in gaya wa mutane.”

Ya ce, “In ka faɗa, suna biyu ne zai ɓaci maimakon ɗaya. Kai yanzu ka fara, ga iyali. Kuma ni na ce a buga tambari. Bar shi.”

Na bar shi. Gaskiyar magana, sanyi na ji a raina da ya faɗi haka, kuma har yau ina jin kunyar wannan sanyin. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe.

Shagon bai mutu a ranar ba. 'Yan kwangila sun ci gaba da zuwa, su ba ruwansu da mudu. Manoma da mata masu sana'a ne suka ɗauke ƙafa, su ne kuwa aikin da Malam yake so. A da, in azumi ya zo ƙarshe, gidajen unguwarsu shi suke kira ya duba musu awon zakkar fidda kai. A wannan shekara ba wanda ya aiko. Ya zauna a rumfa har aka sha ruwa. Daga baya kaya suka fara kwararowa daga waje da kamfanonin Kano, roba da tasa da kujerun ƙarfe, da araha, ba mai tambayar ko sun dace da shi. Wa zai jira ka yi zama uku a gona? Bayan 'yan shekaru Malam ya rufe shago, ya koma maƙerar 'yan'uwansa yana yanka musu kwali. Ya ba ni allon zanensa da wasiƙa zuwa wani kamfani a Kano, inda ya rubuta cewa bai taɓa samuna da kuskure ba. Da wannan wasiƙa na ci abinci shekara talatin, har ana ce mini Injiniya. Shi kuwa ya rasu a Daura, Allah ya jiƙansa, 'yan jana'izarsa ba su cika sahu uku ba.

Don haka ku masu kujerar minti ashirin, ba na raina na'urarku. Da ina da ita a lokacin, da na yi wannan kuskuren cikin minti biyar maimakon mako guda. Zane ba shi da wuya. Wuyar ita ce abin da ka zana zai shiga gidan da ba ka sani ba, ya yi shekaru yana aiki da sunan wani.

Bara, bayan na dawo gida gaba ɗaya, na shiga kasuwar Daura sayen gero. A gabana wata matashiya ce da goyo, ba ta fi sa'ar jikata ba, ana auna mata. Mai awon ya ɗan girgiza kwano tozon ya zube. Ta ce, “A'a, malam, kada ka yi mini mudun Mudi.”

Na ji kamar an taɓa mini tsohon miki. Na ce, “'Yar nan, kin san Mudin da kike faɗa?”

Ta ce, “Wani macuci ne na zamanin da, haka dai ake cewa.”

Na ce, “Ba macuci ba ne. Bai taɓa tauye wa kowa ko ƙwaya ba. Ni na zana mudun nan, ni Ɗanlami. Ni na auna shi da ruwa.” Na ɗaga murya har na kusa suka waiwayo. Shekara kusan hamsin ina riƙe da wannan magana, ta fita a layin 'yan hatsi, a gaban mutanen da ba a haifi ko ɗaya ba lokacin.

Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa.

Ta ce, “Sannu, Baba. Ai magana ce kawai ake faɗa.” Ta juya wurin mai awo. “Kai kuma cika mini, na ce ba na son mudun Mudi.”

Ya ƙara mata tafi guda, ta ɗaure buhunta ta tafi.